DA AN BAR SHI: TUNANI A KAN KALMAR "DA"

Akwai wata 'yar ƙaramar kalma a Hausa, harafi biyu ce kacal, amma na ga ta riƙe dattijo shekara arba'in da 'yan kai ba ta sake shi ba. Kalmar kuwa ita ce "da", watau irin "da" ɗin nan ta "da an yi kaza, da kaza bai faru ba". Hausawa sun ce da-na-sani ƙeya ce, a baya take. Duk da haka ba mu daina waiwayen ƙeyar ba, masu boko da marasa boko. Abin da nake son mu duba tare da mai karatu shi ne, shin wannan waiwaye yana da wani amfani, ko kuwa ɓata lokaci ne da ɓata zuciya?

Dattijon da nake nufi baffana ne, yayan mahaifina, manomin rake da tumatir a Ɗandamisa cikin ƙasar Maƙarfi. Tun yana saurayi ya shiga siyasar talakawa, ya yi PRP tun ranar da aka kafa ta a 1978, kuma da jam'iyyar ta dare biyu, santsi da taɓo, sai ya bi santsi. Tun ina yaro, duk abin da ya lalace a garinmu, amsarsa ɗaya ce. In taki ya yi tsada, in tumatir ya ruɓe a kwando ba mai saye, in hanya ta yanke da damina, sai ya girgiza kai ya ce, "Da an bar Balarabe, da ba haka ba." Mun saba da maganar har yaran gida sukan riga shi ƙarasa ta.

Ban taɓa ɗaukar maganar da nauyi ba sai a zangon karatun da ya wuce, ranar da muka yi gardama a ɗakin kwananmu a kan faɗuwar Tarayyar Sobiyet. Wani abokina mai nazarin kimiyyar siyasa ya buga tebur ya ce, da Gorbachev ya bi hanyar da ƙasar Sin ta bi, ya gyara tattalin arziki ya bar siyasa yadda take, da har yau Tarayyar Sobiyet tana nan daram. Wani kuma ya ce ai tun da farko aka ɓata, da Bukharin ne ya gaji Lenin maimakon Stalin, da labarin gurguzu ya sha bamban. Ina zaune ina jin su sai na ji muryar baffana ce sak, illa dai an canza sunaye. Daga ranar na ƙudura sai na bi waɗannan "da" ɗin ɗaya bayan ɗaya, tasu da ta baffana, in ga inda kowacce za ta kai ni.

Kafin in ci gaba, na san akwai wanda zai tare ni da cewa addini ya hana. Gaskiya ne akwai hadisi a cikin Sahihu Muslim da ya yi gargaɗi a kan faɗin "da" bayan masifa ta auku, domin tana buɗe wa Shaiɗan ƙofa. Sai dai malamai sun bambance tsakanin "da" ta jayayya da ƙaddara, da "da" ta neman darasi. Manomin da ya ce da na shuka da wuri da farin nan bai same ni ba, in yana nufin baɗi zai shuka da wuri, ai bai yi saɓo ba. Likita ma da "da" yake gane magani, alƙali kuma da ita yake gane mai laifi, tunda sai ya tambayi kansa, da wannan mutum bai yi abin da ya yi ba, da ɓarnar ta auku? Ke nan ba yadda za a yi a san dalilin wani abu ba tare da an ɗan leƙa abin da bai faru ba. Tambayar dai ita ce yaya za a yi leƙen cikin gaskiya.

GANDU DA GAYAUNA

Bahaushe ba ya bukatar dogon bayani kafin ya gane matsalar noma a ƙasashen kwaminisanci, domin yana da gandu yana da gayauna. A gandu kowa na gida yake aiki, amfanin ya shiga rumbun maigida, shi kuma ya ciyar, ya biya haraji, ya yi wa samari aure. Gayauna kuwa ɗan fegin da aka yankar wa mutum ne, ya noma ta a ranakun da ba na gandu ba ko da yamma, abin da ya samu nasa ne. Kowa ya san yadda saurayi yake jan fartanya a gandu, da yadda yake jan ta a gayaunarsa. Amma gandu ya daɗe yana aiki a ƙasar Hausa saboda dalili biyu. Maigida daga tukunyar da kowa yake ci shi ma yake ci, in an yi yunwa da shi za a yi. Sa'an nan ɗan da ya ga ana cutarsa yana iya neman a raba, ya fita ya kafa nasa.

To, abin da Stalin ya yi tun daga 1929 shi ne ya mai da ƙasa sukutum gandu guda, maigidan yana zaune a Mosko, ba ya ci daga tukunyar, kuma ba mai ikon fita. Kafin nan akwai wata hanya da aka gwada. A 1921, bayan yaƙin basasa da tawayen manoma, Lenin ya janye dokar ƙwace hatsi, ya maye ta da haraji ƙayyadadde, manomi ya biya ya sayar da sauran a kasuwa. Noma ya farfaɗo cikin 'yan shekaru. Lenin ya mutu a 1924, Bukharin ya so a ci gaba a kan wannan hanya sannu a hankali, Stalin ya so a tara hatsi da ƙarfi a gina masana'antu cikin gaggawa. Stalin ya yi rinjaye. Yunwar 1932 zuwa 1933 ta kashe miliyoyin mutane, musamman a Yukiren da Kazakistan, shi kuma Bukharin aka harbe shi a 1938. Abin mamaki, ko a cikin wannan tsari sai da aka bar wa manoma 'yan gayauni a bayan gida, kuma waɗannan gayauni, da ba su wuce kashi 3 cikin 100 na ƙasar noma ba, su ne suka riƙa samar da kusan kashi ɗaya cikin huɗu na amfanin gona na ƙasar. Ƙasar da a zamanin sarakunanta take sayar wa Turai hatsi, sai ga ta a 1972 tana sayen alkama mai yawan gaske daga Amurka, abokiyar gabarta.

Ƙasar Sin ta bi sawu, har ta zarce. A 1958 Mao ya haɗe ƙauyuka cikin manyan gandaye, har tukunyar gida aka hana a wurare da yawa, sai dai a ci a ɗakin girki na gama-gari. Daga 1959 zuwa 1961 aka yi yunwar da masana suka ƙiyasta ta kashe mutane miliyan gommai. Bayan mutuwar Mao a 1976, a ƙarshen 1978, magidanta 18 a wani ƙauye mai suna Xiaogang cikin lardin Anhui suka taru da dare a ɓoye, suka dangwala yatsa a kan takarda cewa za su raba gonar gandu gida-gida, kowa ya biya gwamnati kasonta ya riƙe saura. Har suka rubuta cewa in an ɗaure shugabanninsu ko an kashe su, sauran za su riƙe musu 'ya'ya har su kai shekara 18. Girbin 1979 ya ninka na shekarun baya sau da yawa. Wan Li, shugaban jam'iyya na lardin, ya kare su, daga baya Deng Xiaoping ya amince, kafin 1984 an rushe gandayen a faɗin ƙasa. Hatsin da Sin take nomawa ya tashi daga tan miliyan 305 a 1978 zuwa tan miliyan 407 a 1984.

Yanzu mu koma kan "da" ɗin abokina. Da Gorbachev, wanda ya hau a 1985, ya yi abin da Deng ya yi, da an sami abin da Sin ta samu? A nan ne na fara gane cewa "da" tana da ladubba. A 1978 kusan mutum takwas cikin goma na Sin a ƙauye suke, kuma gandun bai wuce shekara ashirin da 'yan kai ba, saboda haka mutanen da suka san yadda ake noma gonar kai suna da rai, da fartanya a hannunsu. Ana sakar musu mara suka ci gaba daga inda suka tsaya. A Tarayyar Sobiyet kuwa mafi yawan jama'a sun riga sun koma birane suna aikin albashi a masana'antun gwamnati, gandun ya kusa shekara sittin, jikokin waɗanda aka ƙwace wa gonaki ne suke tuƙa tarakta. Gorbachev ya ba da damar a yi hayar gona a ƙarshen shekarun 1980, kaɗan ne suka karɓa, wasu don ba su san ta inda za su fara ba, wasu don sun tuna abin da ya sami kakanninsu da suka yi arziki a zamanin sassaucin Lenin. A watan Disamba na 1991 tarayyar ta wargaje. Abokina ya canza tunanin mutum ɗaya ya bar sauran duniya yadda take, alhali abin da ya sa hanyar Sin ta yi aiki ba a cikin kan Deng yake ba. Yana hannun manoman nan da suka dangwala yatsa tun kafin kowa ya ba su izini.

"DA" TA BAFFANA

Jihar Kaduna ba ta taɓa zama ƙasar kwaminisanci ba, kada a fahimce ni a baibai. Amma daga Oktoba 1979 zuwa Yuni 1981 ta sami gwamna wanda bai ɓoye cewa shi ɗan gurguzu ne ba, Alhaji Abdulƙadir Balarabe Musa, kuma wannan shi ne gwaji mafi kusa da mu. A lokacin jihar ta haɗa da Katsina, wadda ba a cire ba sai 1987. Ya ci zaɓe a PRP, jam'iyyar Malam Aminu Kano, amma a majalisar jiha mai kujera 99, NPN tana da 64, PRP tana da 16 kacal. Da hawansa ya soke haraji da jangali, kamar yadda Abubakar Rimi ya yi a Kano. Ya kafa hukumar binciken filaye, ta zaga jiha tana sauraron talakawan da aka ƙwace wa gonaki. Ya ɗaura niyyar kafa masana'antu a ƙananan hukumomi, kowacce da abin da ƙasarta take fitarwa, kuma masana'antar sarrafa tumatir ta Ikara daga cikin wannan shiri ta fito. Majalisa ta yi ta ƙin amincewa da sunayen kwamishinoninsa, har ya yi mulkinsa ba kwamishina ko ɗaya. Ranar 23 ga Yuni 1981 ta tsige shi, ya zama gwamnan farko da aka tsige a tarihin Nijeriya. Ya rasu a watan Nuwamba na 2020.

To, da an bar shi fa? Na zauna na yi wa baffana adalci gwargwadon iyawata, na ɗauka an bar shi ya cika shekara huɗu. Abu na farko da na ci karo da shi shi ne kuɗi. Jihohi ba daga gumin manomi suke samun abin kashewa ba a lokacin, daga man fetur ne ta hannun gwamnatin tarayya. Tun daga 1981 kasuwar mai ta fara karyewa, a Afrilu 1982 gwamnatin Shehu Shagari ta kafa dokar tsuke bakin aljihu, kuma tsakanin 1980 da 1983 kuɗin da Nijeriya take samu daga mai ya ragu da fiye da rabi. Injinan masana'antu da kayan gyaransu daga waje ake sayo su. Ko waye gwamna, wannan fari zai same shi. Abu na biyu, ranar 31 ga Disamba 1983 soja suka kifar da jamhuriya ta biyu gaba ɗaya, ba su tambayi wane ne ɗan gurguzu wane ne ɗan jari-hujja ba. In za a ce da an bar Balarabe, sai an ƙara da cewa da mai bai faɗi ba, da soja ba su zo ba, da shirin gyaran tattalin arziki na 1986 bai karya darajar naira ba. "Da" ɗaya ta haifi uku, kowacce kuma da 'ya'yanta.

Abu na uku shi ne wanda ya fi ba ni mamaki da ban lura da shi ba tun tuni. Ashe "da" ɗin baffana ta faru, a maƙwabta. Daga ƙasar Maƙarfi in ka hau titin Zariya zuwa Kano, ba ka daɗe ba ka shiga jihar Kano. A can PRP ta ci gwamna ta kuma kwashe kusan dukkan kujerun majalisa a 1979, ba a tsige Rimi ba, ya yi mulki har 1983. An yi abubuwan kirki da ba mai musunsu: an kafa hukumar yaƙi da jahilci ta manya, an kai wuta da hanyoyi ƙauyuka, an kafa jaridar Triumph da gidan talabijin na jiha. Amma jam'iyyar ta rabe, rikici da masarauta ya kai ga tarzomar 10 ga Yuli 1981 wadda aka kashe Dokta Bala Muhammad a cikinta, Rimi ya koma NPP ya faɗi zaɓen 1983. Manomin Kano bai wayi gari cikin wata duniya dabam da ta manomin Maƙarfi ba. A Kaduna ma, wanda ya gaji Balarabe mataimakinsa ne, Abba Musa Rimi, ɗan jam'iyyarsu, ya riƙe har 1983. Gani ya kori ji. Mafi ƙarfin zaton da zan iya yi shi ne, da an bar Balarabe, da mun sami ƙarin makarantu da 'yan masana'antu, da wasu talakawa sun karɓi gonakinsu, da kuma misalin shugaba mai tsabtar hannu ya daɗe a idon mutane. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Amma bai kai aljannar da baffana yake gani ba.

Akwai kuma abin da na lura da shi da na jera ayyukan nan gefe da gefe. Masana'antar Ikara, wadda gwamnati ta gina ta kuma riƙe, ta yi shekaru kusan ashirin a rufe kafin a yi yunƙurin tayar da ita a 2014, alhali tumatir yana ruɓewa a kewayenta kowace kaka. Soke haraji kuwa, wanda bai ci siminti ko buhu ɗaya ba, a take ya isa kowane gida, har jihohin da ba na PRP ba suka bi sawu. Ko da soja suka sake ɗora wa mutane kuɗin kai bayan 1984, tsoron nan na da bai koma yadda yake ba, domin talaka ya riga ya ga cewa abin da aka ce masa dole ne, ashe ana iya ɗage shi da magana ɗaya. Haka a Rasha a 1921, haka a Sin a 1978: gyaran da ya fi saurin kai wa talaka shi ne wanda hukuma ta ɗauke hannunta daga rumbunsa. Wannan bai tsaya ga ƙasashen gurguzu ba. A Bakolori cikin jihar Sakkwato ta wancan lokaci, a Afrilu 1980, gwamnatin da ba ta da alaƙa da gurguzu ce ta tura 'yan sanda kan manoman da suke neman diyyar gonakinsu da aikin madatsar ruwa ya cinye, aka kashe da dama. Ban ce gwamnati ba ta da aiki ba. Hanya, da makaranta, da asibiti, da binciken iri, hannu ɗaya ba ya ɗaukar wannan jinka, kuma Sin ɗin ma a 1979 ta ƙara farashin da take sayen hatsi daga manoma. Abin da na ce shi ne, duk gyaran da aka yi wa manomi ba a tambaye shi ba, kuma ba shi da ikon cewa a'a, to gandu ne aka sake masa suna.

ƘOFAR DA BA NA SO A RUFE

A nan ne maganar ta zama ta ɗabi'a, ta kuma fara ci mini rai. In baffana ya yi zurfi a cikin "da" ɗinsa yakan ce, da ma babu majalisar nan, da an sakar wa mutumin kirki mara ya yi aiki. Abokina ma abin da yake nufi ke nan da ya ce a gyara tattalin arziki a bar siyasa, watau a bar jam'iyya ɗaya da ikon da ba mai taka masa burki. Na yarda tsige Balarabe siyasa ce, ba adalci ba. Amma mu dubi ƙasar da ba a iya tsige kowa. A 1959, a taron Lushan, ministan tsaro na Sin, Peng Dehuai, ya rubuta wa Mao wasiƙa yana nuna masa cewa shirin nan yana jawo ɓarna. Aka tuɓe shi aka wulaƙanta shi, sauran suka kama bakinsu, jami'ai suka ci gaba da aika rahoton girbin ƙarya, ana kwashe hatsi daga ƙauyukan da mutane suke mutuwa. Ba majalisar da za ta kira Mao, ba jaridar da za ta buga. Masanin tattalin arzikin nan na Indiya, Amartya Sen, ya nuna cewa ba a cika ganin babbar yunwa a ƙasar da take da zaɓe da 'yancin jarida ba, domin mai mulki yana tsoron ranar da za a tambaye shi. Ita kuma Sin ta Deng, wadda ta fitar da ɗaruruwan miliyoyi daga talauci, ita ce ta tura tankokin yaƙi kan ɗalibai irinmu a dandalin Tiananmen a watan Yuni na 1989.

Wanda ya roƙi a cire wa mutumin kirki linzami, ya tuna cewa kujerar ta fi mutumin daɗewa. Ikon da aka tara don Balarabe, wanda ya zo bayansa ne zai gada, kuma ba mu da tabbacin wane ne. Ƙofar da aka bi aka zalunci gwamnan baffana, ita ce ƙofar da, da Sin tana da ita a 1959, da wataƙila miliyoyi sun rayu. Ina iya baƙin cikin yadda aka yi amfani da ita, amma ba zan so a toshe ta ba. Maganin majalisar banza shi ne a zaɓi ta kirki, kuma ya kamata mu tuna cewa mutanen da suka zaɓi gwamnan PRP su ne suka cika majalisa da 'yan NPN a cikin makonnin zaɓe guda. Ban taɓa jin baffana ya ce da mun yi aiki a zaɓen majalisa kamar yadda muka yi a na gwamna ba. Irin wannan "da" ɗin ba ta da daɗin faɗi, domin mai faɗinta yana cikin masu laifi.

Saboda haka ga abin da na tsayar. "Da" ta gaskiya tana canza abu ɗaya wanda mutanen lokacin suke da ikon canzawa, sa'an nan ta bi sakamakon duk inda ya nufa, ko da ya ɓata wa mai ita rai. Tana neman maƙwabcin da ya bi ɗaya hanyar ta duba yadda ya ƙare. Kuma tana ƙarewa da wani aiki a wuyan mai faɗinta. Wadda kuwa take ɗora kome a kan gwarzo ɗaya da aka hana, ta wanke sauran jama'a tas, ita ce nake jin malamai suke gargaɗi a kanta, domin tana sa mutum ya zauna yana jiran wanda ba zai dawo ba.

Da hutu ya zo na tafi gida da wannan hujja tawa a shirye, ina jin kaina kamar wanda ya ci jarrabawa. Na sami baffana a bakin gonar rake da yamma, na zayyana masa kome, tun daga farashin mai har zuwa Kano da Xiaogang. Bai katse ni ba. Da na gama sai ya ce, "Ɗana, ka yi karatu, Allah ya ƙara basira. Amma kai a takarda ka ga haraji. Ni ina da shekara goma na ga an tsayar da kakanka a rana tun hantsi har la'asar saboda kuɗin da ba shi da su, sai da aka sayar da akuyar kakarka aka sake shi. Na girma ina tsammanin haka Allah ya yi duniya. Ran nan sai na ji a rediyo mutum ya ce an soke. Tun daga ranar ba wanda ya isa ya ce mini wani zalunci dole ne. In na ce da an bar shi, ba lissafi nake yi ba. Ina tuna wa kaina ne cewa abin nan da muke ciki ba haka ya zama tilas ba."

Na yi shiru, domin ban shirya wa wannan ba. Hujjojina suna nan ban janye ko ɗaya ba, har yau ina ganin da an bar Balarabe da tumatirinmu bai tsira daga ruɓa ba. Amma na gane na je in ƙwace wa tsoho abin da ban fahimci amfaninsa a wurinsa ba. Mutanen Xiaogang ma ai da irin wannan "da" suka fara. Sai da wani a cikinsu ya ce da gonar nan a hannunmu take da ba mu yi bara ba, kafin su sami ƙarfin halin dangwala yatsa. Bambancinsu da mu shi ne ba su tsaya a faɗi ba, kuma ba su jira Beijin ba.

Na ce masa, "To Baffa, in haka ne, ku nawa ne masu tumatir a unguwar nan?" Ya ƙirga da yatsa ya ce sun fi ashirin. Na ce me ya hana su haɗa kai su yi rumfar shanya mai tsabta, su daina shanya a ƙasa, su riƙa ɗaukar mota ɗaya su yi ciniki da baki ɗaya, maimakon dillali ya bi su ɗaya bayan ɗaya? Ya yi dariya ya ce an taɓa gwadawa, ma'aji ya cinye kuɗin. Na ce to a sake, wannan karon a rubuta, kowa ya sa hannu, kuma duk wanda ya ga ba ya so ya fita da kasonsa. Ya dube ni ya ce, "Wa zai riƙe littafin? Ku da kuka yi bokon ai ba ku dawowa."

'Yan'uwana ɗalibai, wannan tambaya ban amsa ta ba a ranar, kuma ita na kawo muku. Muna da ƙwarewa wajen gyara Tarayyar Sobiyet a ɗakin kwana, mu naɗa Bukharin mu tuɓe Stalin kafin a kashe fitila. Nan da shekara arba'in wani yaro a Ɗandamisa, ko Kudan, ko Ikara, zai zauna ya yi tasa "da", kuma mu ne za mu kasance a cikinta. Na yi wa baffana alkawarin in an yi hutun ƙarshen shekara zan zo da littafi da biro, mu zauna da mutanensa ashirin ɗin. Ban sani ba ko za su yarda da juna, ko ma su yarda da ni. Allah ya sa mu dace, amin.